Kabewar 'Yar Nomau

Duk wanda ya zauna unguwar Nuzla ta Jidda kafin a rushe ta, in dai yana jin Hausa ko yana cin tsire, ya san Hajiya Zubaidatu mai yaji. Gajeriya ce kakkaura, mai taka ƙasa da ƙarfi kamar ƙasar ta yi mata laifi. Ita ke daka yajin ƙulin da masu tsiren unguwar ke barbaɗawa, tsiren nan da Larabawan Jidda ke yin layi a kansa da yamma suna kiransa siriye, kai ka ce kakanninsu ne suka ƙago shi. Umara ce ta kawo ta ita da mijinta tun tana da sauran ƙuruciya. Umara ta ƙare, su ba su gama ba. Mijin ya rasu a nan, ya bar mata ɗa guda, Abdulghaffar, da turmi, da ɗaki biyu a saman wani tsohon bene. Takardar zama kuwa ba ta taɓa riƙewa ba. In aka yi mata zancen iƙama sai ta ce ita Allah ne kafilinta, kuma har yau bai ce ta zo ta sabunta ba.

Hajiya ba ta da tsirfa a kan abinci. Wake da gurasar karin safe na mutanen garin tana ci, shinkafarsu mai kitse tana ci, har wani busasshen kifi mai wari na maƙwabtanta 'yan ƙasar Bama ta taɓa ci ta ce a ƙaro. Abu ɗaya ne aka san ta da shi. Da zarar ɗanyen dabino ya shigo kasuwa, lokacin da zafi ke fara nuna wa mutane cewa shi ne mai garin, sai ta ɗauke hannu daga kabewa. Ba ta cinta a miya, ba ta cinta a fate, ko cokalin da ya shiga tukunyarta ba ta lasa. Haka za ta zauna wata da watanni, ga kabewa jibge a kasuwa, don Jidda ba ta san damina ba balle kaka, komai a jirgi da mota yake zo mata. Sai wata safiya a ƙarshen zafi, lokacin da laimar teku ke sa bango ya yi gumi kamar mutum, ta sauko daga rufin bene fuska a sake, ta aika a sayo mata kabewar da ta fi kowace girma. Ta fasa ta da hannunta, ta yi miyar taushe da tuwon shinkafa, ta zuba wa kyanwoyin lungu ludayin farko, sannan a shiga rabo ƙofa-ƙofa. Bahaushe ya samu, Bayamale ya samu, 'yan Cadin da ke ƙasan bene sukan samu har da ƙari don sun iya godiya.

To, wannan safiya kusan kullum takan faɗo ne a ranar bikin ƙasar Saudiyya, ko ana gobe, ko kashegari, ranar da samari ke lulluɓe motoci da korayen tutoci suna cika gari da ham. Shi ke nan 'yan unguwa suka samu abin tsokana. Fatsuma 'yar Damagaram, aminiyarta mai sayar da turaren wuta, ita ce a kan gaba.

"Yaya, ke da ko ƙyallen takarda ba ki da shi, amma kin fi masu ƙasar murna. Bon, Allah ya sa labari ya kai sama a ba ki jinsiyya ki zama 'yar ƙasa, mu ma mu ce muna da Balarabiya a dangi."

Hajiya takan yi dariya ta ce a ci tuwo dai a rufe baki. Ba ta taɓa cewa e ba, ba ta taɓa cewa a'a ba, don wannan fassara ta zauna mata daidai kamar takalmin da aka auna ƙafarta.

Gaskiyar maganar tana can nesa, a wani ƙauyen Maguzawa a ƙasar Malumfashi, inda ake kiranta Delu. Ubanta Nomau manomi ne na ji da gani, kuma a gidansa akwai doka: tun daga faɗuwar ruwa ba mai sa kabewa a baki sai maigida ya fasa ta fari. Ranar fasawar ba a takarda take ba. In kaka ta gabato, Nomau kan fito da sassafe ya tsaya a bakin babban rumbunsa ya zura wa gabas ido. Akwai giginya biyu can bayan gonarsa. Rana kan yi ta matsowa kaɗan-kaɗan, har safiyar da za ta ɓullo daidai tsakaninsu. Sai ya ce yau dare da rana sun yi kunnen doki, daga gobe dare zai fara cin rana. Ya yanka jan zakara a gindin tsamiya, ya tsiyaya giya, ya fasa kabewa, a zuba wa Uwar Gona ludayin farko tunda ita ta tsare amfanin bana, sannan kowa ya ci har ya kasa tashi.

Musulmin ƙauyen da ke kusa, in suna zancen Nomau, sukan ce mutumin kirki ne, sai dai ba ya kallon gabas. Nufinsu ba ya salla. Delu tana yarinya ba ta san haka ba, har ta taɓa yin dambe da wata a bakin rijiya a kan wannan magana, don ita dai a saninta duk ƙasar ba mai kallon gabas kamar ubanta.

Da ta girma ta musulunta, ta auri Musulmi, ta zama Zubaidatu. Zakara da giya ta bar su a gindin tsamiya, ba ta sake waiwayarsu ba. Amma kabewa ta biyo ta har Jidda. A rufin benen Nuzla ta samu giginyoyinta: tankin ruwan wani Bayamale a hagu, hasumiyar ƙaramin masallacin unguwa a dama. Kuma Allah ya rufa mata asiri, don a Jidda gabas gabas ce ta gaskiya, Makka na nan ta inda rana ke fitowa. Duk wanda ya hango ta a tsaye da sassafe tana fuskantar can, sai ya ce Hajiya na lazimi, Allah ya ba mu irin himmarta. Mijinta ya san komai, shi ke fasa kabewar yana dariya yana cewa shi dai a kai shi ga tuwo. Da ya rasu ɗakin ya zama nata, ta ci gaba da fasawa da kanta. Ɗan kuwa abin da ya sani game da kakansa bai wuce kalma ɗaya ba: manomi.

Sai aka zo aka yi jan rubutu a bangayen Nuzla, cewa kowa ya kwashe nasa ya nasa. Mutane suka yi ta cewa ba za a yi ba, amma rana ba ta ƙarya. Unguwa ta watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Fatsuma ta koma wajen 'yarta a Madain Fahd. Hajiya ta naɗe turminta a bargo, ta hana kowa taɓa shi har aka sa a mota, ta koma Aziziyya wajen ɗanta.

Abdulghaffar a lokacin magidanci ne, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, yana da iƙamarsa da kafilinsa da gemunsa. Ɗan fari ne, don haka uwar ba ta kama sunansa, Mai Sanyi take ce masa. Sanyin dai na sana'a ne. A hali kuwa taurin kanta ya kwaso kaf bai rage wa kowa ba. Mutum ne mai tsoron Allah da gaske, ba na ganin ido ba, in ladan bai zo ba shi ke kiran salla a masallacin layinsu. Matarsa Najwa haifaffiyar Jidda ce, kakanninta da ƙafa suka zo daga ƙasar Hausa. Tana jin Hausa tsaf, amma in za ta mayar sai ta haɗa da rabin Larabci, kamar mai dafa shinkafa da wake.

Gidan yana da kyau, ba laifi, ko da yake Bamasaren da ke ƙasansu ya hau sama tun ranar farko ya tambaya ko rushe ginin ake yi, har sai da aka ninka wa turmi katifa a gindi. Amma tagogin duk bangon maƙwabta suke kallo, ƙofar rufin bene kuma a kulle take, mabuɗin na aljihun mai gadi. Wannan matsala ɗaya ke nan. Ta biyun ita ta fi hana Hajiya sukuni: gidan nan da sunan Mai Sanyi aka kama shi, shi ne maigida. Ko ta ga rana da idonta, a dokar Nomau ba ita ke da wuƙa ba, sai shi. Kuma ta san ɗan da ta haifa.

Ɗanyen dabino ya shigo, Hajiya ta ɗauke hannu. Najwa, da ba ta taɓa zama gida ɗaya da ita ba, ta dafa kabewa da madara irin ta mutanen Hijaz ta kawo mata da murna.

"Khala, ga dubba, na yi miki makhsus, ke kaɗai."

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Gyambon ciki ne ke damuna."

Najwa ta duba wayarta ta dawo ta ce ai kabewa ba ta faɗa da gyambon ciki. Hajiya ta ce to ashe ciwon sukari ne. Najwa ta ce za ta dafa wata ba sukari. Hajiya ta ce haƙori. Kafin mako ya zagayo ta ɗora wa kanta cututtukan da za su cika asibiti guda, tana kuwa ɗaga taɓarya kamar budurwa.

Abdulghaffar ya san wannan ɗabi'a tun yana yaro, bai taɓa tambayar dalili ba, don abin da ka tashi ka tarar a gida ba ka ganinsa. Tausayin matarsa ne ya sa ya sa baki.

"Umma, Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, yana son kabewa fa."

"Ni ma ina sonta. Ai wanda ake so shi ake jira."

Mai gadin, Abdulmajid, Basudane ne da ke kukan abincin garin nan ba ya motsa harshe. Kwalbar yaji guda ta buɗe ƙofar rufin bene. Hajiya ta riƙa hawa bayan sallar asuba tana nishi tana dafa bango, ta tarar da dajin faifan talabijin da na'urorin sanyi, ba tanki, ba hasumiya, benaye duk kama ɗaya kamar 'ya'yan mutum guda. Dole ta koyi tafiyar rana daga farko. Ta zaɓi wani dogon gini mai jar fitila ta ce wannan giginyar hagu ce. Ta hango wani dogon ƙarfe can gefe ta ce ga ta dama. Kashegari da ta hau, giginyar dama ta juya ta kalli teku, ashe injin ɗaga kayan gini ne. Ta tsaya tana yi masa faɗa ita kaɗai, ta ce ko a itatuwa Aziziyya ba ta da mai alkawari.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wata safiya na'urar wani maƙwabci ta lalace, Abdulghaffar ya ce bari ya duba ta kafin ƙarfe ya yi zafi. Ya hau da akwatin kayan aikinsa, ya tarar da ƙofa a buɗe, ga uwarsa can a tsaye, ba darduma, ba carbi, ta yi wa ido rumfa da tafin hannu. Ya ji tana cewa a hankali, "Saura ƙiris, Baba. Ta kusa."

"Umma, da wa kike magana?"

"Da bakina."

"Na ji kin ce Baba."

Hajiya ta dube shi, ta dubi rana, ta ga ba wurin ɓuya a rufin bene. Ta zauna a kan bulo ta ba shi labari tun daga bakin rumbu har tankin Bayamale, ba ta rage zakara ba, ba ta rage giya ba. Shi kuwa tun yana tsaye har ya nemi wata matacciyar na'ura ya zauna a kai.

"Kin ce mini manomi ne."

"To ƙarya na yi? Je ka tambaya ko akwai wanda ya kai shi dawa."

"Ya Ummi, yani duk shekarun nan da nake ɗaukar kwano ina bi gida-gida, abincin tsafi nake rabawa?"

"Ka taɓa ganin jini? Ka taɓa jin warin giya? Da bismilla nake fasawa, da hamdala nake rufewa."

"Ludayin farko fa?"

"Na kyanwa ne."

"Kafin kyanwa na wa ne?"

Nan Hajiya ta gane ɗan nata ba wawa ba ne. Wata mai dabara da sai ta bari ya huce tukuna. Ita kuwa ta ga tunda an riga an jiƙe ba sauran tsoron ruwa.

"To tunda ka ji, ka hutar da ni. Bana kai za ka fasa, kai ne maigida."

Abdulghaffar ya miƙe har akwatin ya kife. "Ni? A'uzu billahi. Umma, ki nemi komai a duniya in yi miki, amma wannan la. Ba a gidana ba, ba da hannuna ba. A haramta abin da Allah ya halatta, a zauna jiran rana ta ba da izini? Halas, an gama."

"Ni ban ce haram ba ce. Ƙi na yi, kamar yadda kai ba ka cin kuɓewa."

"Kuɓewa ba ta da Uwar Gona."

Ta bar shi ya tsince kayansa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta yi magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Tun ina sabuwar zuwa na tambayi malamai. Na ce zan yi wa ubana umara, suka ce babu. Na ce in roƙa masa gafara, suka ce babu. Na ji, na bi, ban yi jayayya da Ubangijina ba. Kowa a garin nan yana da abin da yake aika wa nasa. Ni abin da ya rage mini na ubana kabewa ce."

Ya ɗauki akwatinsa. Ya sauka ya bar na'urar maƙwabci a mace. Da yamma ya karɓi mabuɗin ya mayar wa Abdulmajid, ya ce kada a sake ba tsohuwa, matakala ba ta yi wa gwiwarta kyau.

Najwa ta ji labarin daga bakin mijinta. Ba ta ce yana da gaskiya ba, ba ta ce ba shi da ita ba. Ta dai je kasuwa ta sayo ƙatuwar kabewa da sai da direban tasi ya taya ta ɗauka, ta ajiye a kusurwar kicin.

Ranar bikin ƙasa ta zo, gari ya yi kore, ham ya cika titi tun da hantsi. Hajiya na zaune a ɗaki wayarta ta yi ƙara, Fatsuma ce.

"Yaya, shiru? Ni fa tun jiya na wanke kwanona. Ko kin haƙura da jinsiyyar?"

"Bana an fasa fasawa."

Suka yi dariya tare, Hajiya ta ajiye waya. Sai baƙin ciki ya danne ta, ba irin na rushe Nuzla ba, irin na ranar da labarin mutuwar Nomau ya iso mata a kaset, bayan an yi watanni da binne shi. A can wani wuri bayan bangon maƙwabta rana ta fito inda ya kamata ta fito, ba wanda ya tsaya ya gaishe ta da ido. Ta ji kamar yau ne ta bar ubanta shi kaɗai a bakin rumbu.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Uwa ba ta yi fushi ba, tana amsa gaisuwa, tana daka yajinta, tana sa masa albarka in zai fita, kabewa ce dai ba ta ci. Ɗa bai sake tayar da maganar ba, amma in ya shiga kicin shan ruwa sai ya kawar da kai daga kusurwar nan, kamar mai wuce wanda suke gaba. Najwa ta raɗa wa kabewar suna Baƙo. Kullum da safe sai ta goge mata ƙura ta ce, "Ya daif, ka kwana lafiya?" Wata rana ta matso kusa da surukarta.

"Khala, ina da fikra, wata dabara. In ce masa sikkin, wuƙar nan, ta ƙi ci, hannuna yana ciwo, ya yanka mini. Shi ma yidri, ba zai sani ba."

"A'a, 'yata. Ba a yi wa maigida wayo a kan wannan. In bai sani ba, ba fasawa ba ce, yanka ne kawai."

Abdulghaffar ya kai maganar gaban limaminsu, wani dattijo mai ƙarancin magana, yana fatan a ba shi amsa guda mai kaifi ya kawo gida. Dattijon ya saurare shi har ƙarshe, ya ce rana halitta ce, ba ta ba da izinin komai. Ya ce kabewa abinci ce. Ya ce uwa kuma uwa ce. Daga nan ya laluɓi takalmansa ya tafi. Abdulghaffar ya dawo da gaskiya uku a hannu, bai san wacce zai ɗora a kan wacce ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, zafi ya fara sassautawa, Hajiya na zaune a kicin tana tankaɗe yaji. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, da gani ya daɗe yana tauna tambayar.

"Umma, da kika musulunta, me mahaifinki ya yi miki?"

Ya shirya jin duka da kora, don irin labarin da ya saba ji ke nan, kuma da shi ya ji da abin ya zo masa da sauƙi.

"Buta ya sayo mini," in ji ta, ba ta ɗago kai ba. "Ya taka har kasuwa ya sayo buta da sabuwar tukunya, ya ce wannan ba mai dafa giya a ciki, ta Delu ce. In zan je ganin gida, yakan saɓi kaza ya kai ƙauyen Musulmi a yanka masa don in ci. Yaran can suna binsa suna yi masa waƙar arne, ya dawo yana dariya. Da azumi bayan rumbu yake zuwa ya ci tuwonsa, kada in gani." Ta buga rariya a tafin hannu. "Ya share mini wuri a inuwa, ya jera duwatsu, ya ce yi abinki a nan, ba mai gitta miki. Har ya mutu bai tambaye ni dalili ba."

Abdulghaffar ya juya ya tafi. Hajiya ta ɗauka magana ta ƙare. Can sai ga shi ya dawo, ya tuɓe farar rigar Juma'a, daga shi sai singileti, da babbar wuƙar layya a hannu.

"Ki ji sharaɗina. Waccan ranar ta wuce, kuma ni ba zan jira rana ba, bana ko baɗi. Ranar da na ga dama zan fasa. Ludayin farko na Abdulmajid ne, kyanwa ta jira saura. Kuma ni kabewa nake yankawa, abincin gidana, ba wani abu ba."

Hajiya ta auna maganar. Giginyoyin nan biyu sun tafi ke nan har abada, kuma abin ya yi mata ciwo, ba ta ɓoye wa kanta ba. Amma ga maigida a tsaye da wuƙa, ya kuma san abin da yake yi.

"A kaka dai?"

"A kaka."

"Kai da aka haifa a Nuzla, ka san kaka?"

"Ke za ki faɗa mini."

Ya durƙusa ya yi bismilla da ƙarfin da har Bamasaren ƙasa ya ji, ya kafa wuƙa. Baƙo kuwa ya daɗe a kusurwa, ya yi taurin zuciya. Wuƙa ta shiga ta ƙi fita. Ya ja, kabewa ta biyo shi. Ya danne ta da gwiwa, ta sulle ta gangara ƙarƙashin tebur da wuƙar a ka. Najwa ta cusa gefen mayafi a baki, kafaɗunta na rawa.

"Kakanka bugu ɗaya yake yi," in ji Hajiya.

"To ai shi ya saba."

Da ƙyar ta dare gida biyu, cikinta ja wur. Hajiya ta kawar da yaji gefe ta ce a miƙo mata babbar tukunya, Najwa ta jiƙa shinkafa, ƙamshin daddawa da gyaɗa ya bi matakala har ƙasa. Abdulghaffar da kansa ya ɗauki kwanuka ya bi ƙofofin mutanen da bai taɓa sanin sunansu ba. Duk wanda ya tambaye shi bikin me ake yi, sai ya ce daga wajen mahaifiyata ne, ya wuce. Abdulmajid ya ɗanɗana ya ce yaji ya yi kaɗan. Na Fatsuma aka rufe a kula, za a kai mata bayan la'asar.

Su uku suka zauna a ƙasa suka ci. Hajiya ta ci a hankali har ta suɗe kwano. Sannan ta ɗaga hannu kamar yadda ta saba bayan wannan tuwo. Ta roƙa wa mijinta rahama, ta roƙa wa surukanta, da malamin da ya ba ta kalmar shahada, da mutanen Nuzla na raye da na mace. Sai ta zo wani wuri ta yi shiru, hannu a sama, baki a rufe. Abdulghaffar ya san wannan shirun tun yana yaro. Ko yaushe yakan ɗauka numfashi take mayarwa, ya cike gurbin da amin don a yi a gama. Yau ya gane gurbin wane ne. Najwa ta buɗe baki za ta ce amin, ya taɓa hannunta. Suka zauna haka, hannuwa a sama, ba mai cewa komai, har tsohuwar ta ga dama ta ci gaba.